Kun Ga Hoton Takara, Ba Ku Ga Jadawalinta Ba

Tun shekaranjiya nake danne zuciyata, amma sharhin da na tashi da shi yau da safe ya kai ni bango. Duk wanda yake cikin zauren danginmu na WhatsApp ya san maganar da nake yi, waɗanda kuma suka kwaso hoton 'yar yayana suka kawo shi Facebook sun san kansu. Wai an tura yarinya Amurka karatu ta koma neman sarauniyar kyau. Wani har yana jajanta wa Yaya, wai ya yi asarar kuɗinsa. Haba jama'a! Hoto ɗaya kuka gani, yarinya da hijabinta, sunanta a ƙasa da ranar zaɓe, a kansa kuka gama yi mata shari'a. Ni da take zuwa gidana hutun ƙarshen mako, ni da nake ganin yadda barci ke sace ta a kan kujera da littafi a cinya, babu wanda ya kira ni ya ce, Hajiya, mene ne wannan abin?

To tunda ba ku tambaya ba, bari in faɗa muku: takarar da ta tsaya ta sarauniyar bikin Homkomin ce ta jami'arsu, ba ta kyau ba.

Bikin da suke kira Homkomin bikin dawowa gida ne na tsofaffin ɗalibai. Jami'o'i da yawa a nan Amurka suna yin sa a lokacin kaka, galibi cikin Oktoba. Waɗanda suka gama makarantar shekara 10, 20, har 50 da suka wuce su dawo da iyalansu, a yi jerin gwano a gari, a yi wasan ƙwallon Amurka, a tara wa makaranta gudummawa. Ya haura shekara ɗari ana yi. Jami'ar Missouri tana cewa ita ta fara a 1911, da shugaban wasanninta Chester Brewer ya gayyaci tsofaffin ɗalibai su dawo gida su kalli karawarsu da Kansas, jami'ar Baylor kuma ta ce nata na 1909 ne, ta Illinois ta ce 1910. A cikin makon ne ɗalibai ke zaɓen waɗanda za su wakilce su, su ne ake ce wa sarki da sarauniya. A makarantar yarinyar nan, kafin sunanka ya hau takardar zaɓe sai an duba sakamakon jarrabawarka, sai ka rubuta hidimar da ka yi wa jama'a, sai ka zauna gaban kwamitin malamai da tsofaffin ɗalibai sun yi maka tambayoyi. Babu mai auna tsayinka, babu mai duba hancinka. Ta tsallake duk wannan ne kafin a buga hoton da kuke ta yawo da shi.

Kun ga hoto, ba ku ga jadawalinta ba. Ni na gan shi, yana manne a jikin firij ɗin ɗakinta.

Aikin jinya take karanta. Daga sallar asuba ba ta komawa barci, ƙarfe 8 tana aji. Bizar ɗalibta ta wajabta mata ɗaukar darussa cikakku kowane zango, idan ta rage ba da izini ba zamanta a ƙasar ya shiga matsala. Bizar nan dai ba ta yarda ta yi aiki fiye da awa 20 a mako ba muddin ana karatu, shi ma sai a cikin makaranta, don haka take jera littattafai a laburare har dare, da kuɗin take sayen abinci da katin bas, don kada ta riƙa kiran babanta a wannan tsadar dala. Ranar Alhamis da yamma tana ɗakin da ake raba kayan abinci kyauta ga ɗaliban da aljihunsu ya bushe, domin a Amurkar da kuke gani a talabijin akwai ɗalibin da ke shiga aji da yunwa. Ita ce ta matsa har aka fara ajiye shinkafa da wake da naman halal a wurin, saboda ta lura yaran Musulmi suna shigowa su fita hannu rabbana. Juma'a ita da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ke shimfiɗa darduma a ɗakin da aka ara musu, su naɗe bayan an idar. Asabar da safe tana koya wa 'ya'yan 'yan gudun hijira lissafi da Turanci, yaran Sudan da Somaliya da iyayensu ba su iya taya su aikin gida ba.

Da aka zo gangamin ba da jini na makon bikin, ita ba a karɓi nata ba, don dokarsu ta ce wanda ya taso a ƙasar da ake zazzaɓin cizon sauro sai ya jira. Ba ta tafi ta kwanta ba. Ta wuni a teburin rajista tana rubuta sunaye, tana miƙa wa waɗanda aka ɗibi jininsu ruwa da biskit.

Wanne daga cikin waɗannan kuka yaɗa? Wanne kuka yi wa sharhi?

Na san me za ku ce, wai ba al'adarmu ba ce. Rigar kammala digiri da hular nan mai tunku da kuke ɗaukar hoto da ita kuna rabawa dangi, a kasuwar Kurmi aka fara ɗinka ta? Wasu sun ce karatu aka tura ta. Ai da ba ta karatun da ba a bar ta ta tsaya ba, na riga na faɗa, ba zan maimaita ba. Wata baiwar Allah kuma ta ce ɗiya mace ba ta manna hotonta a bango. Hajiya, lokacin zaɓe hotunan mata nawa ne a bangon unguwarku, kuma wa kika tsine wa? Laifi tudu ne.

Yaƙin neman zaɓen da kuke zato wani shagali ne, ga yadda yake. Makaranta ta ƙayyade kuɗin da ɗan takara zai kashe, ba ya wuce abin buga takardu. Ita da ƙawayenta su fita da daddare cikin sanyi suna rubuta sunanta da alli a kan daɓen hanya. Tsakanin darasi da darasi ta tsaya a tebur gaban zauren ɗalibai tana yi wa mutane bayani ɗaya bayan ɗaya. Cincin ɗin da ta raba a kicin ɗina muka soya shi, har ƙarfe 1 na dare muna kan mai. Abin da take faɗa wa duk wanda ya tsaya shi ne idan ta ci za ta yi amfani da shekarar ta faɗaɗa ɗakin abincin nan, ta kuma nemi a bar shi a buɗe lokacin hutu, saboda ɗaliban ƙasashen waje da ba su da kuɗin jirgin komawa gida su ne suka fi shan wuya idan an rufe kantin makaranta. A jami'o'in baƙar fata irin su Howard ta birnin Washington, inda Kamala Harris ta yi karatu, da wannan idon ake kallon muƙamin: wanda aka naɗa wakilin makaranta ne na tsawon shekara, ana jiran a ga aikin da ya yi alkawari.

Abin da ya fi ci mini rai, ta ga sharhin naku. Daren jiya ta kira ni, muryarta a shaƙe, ta ce, Gwaggo, ko in janye ne, kada Baba ya ji kunya? Yarinyar da ba ta taɓa kawo mana abin kunya ba, shekara uku tana ƙasar da ba mai sa mata ido, ta riƙe sallarta ta riƙe mutuncinta, yau danginta ne suka sa ta kuka ana saura kwana huɗu zaɓe, ga jarrabawar tsakiyar zango a gabanta. Na ce mata ba inda za ki janye. Na kira Yaya na karanta masa jadawalin nan tun daga Litinin har Asabar. Ya yi shiru, can ya ce Allah ya yi mata albarka, ya kashe waya. Na san yayana, kuka ya je yi.

Ko ta ci ko ba ta ci ba, ranar Asabar ina bakin titi da mayafina ina kallon jerin gwanon, kuma zan ɗauki hoto in saka a nan.

Af, tunda na ambaci cincin: duk wanda zai taso daga Kano ko Kaduna cikin watan nan, don Allah ya yi mini magana ta akwatin saƙo. Yajinmu ya ƙare ƙaf, kukar ma saura ta miya ɗaya, yarinyar nan kuwa in ta zo tuwo kawai take nema. Amma kada wanda ya sako kilishi a jaka, jami'an kwastan ba sa barin nama ya shigo, kuma idan ba ka bayyana shi ba har tara suke ci. Na bara a filin jirgi aka zubar da shi.