Michael Mørkøv, zagin da 'yan Danmak suka riƙe sunansa

Zaman da na yi a Kofanhagen, babban birnin Danmak, ya canja mini kallon da nake yi wa keke. A garinmu keke abin hawan ɗan makaranta ne da mai kai kaya kasuwa da malamin da albashinsa bai kai na babur ba, kuma da zarar Allah ya buɗa wa mutum sai ya jingine shi a zaure ya bar wa yara. A nan kuwa da sanyin safiya za ka ga ma'aikacin banki da kwat ɗinsa, ga uwa da 'ya'ya biyu cikin akwatin gaban kekenta, duk suna jiran danja a hanyar da aka ware musu. Don haka ban yi mamakin yadda suke son tseren keke ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne irin mutumin da suke girmamawa a cikinsa.

An haifi Michael Mørkøv a 1985 a Kokkedal, arewa da Kofanhagen, kuma sunansa ya fara fitowa ne a tseren cikin zaure, inda ake zagaya da'irar katako mai tsawon mita 250 a kan keken da ba shi da birki. Ya samu lambar azurfa tare da tawagar ƙasarsa a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, sannan a 2009 shi da Alex Rasmussen suka zama zakarun duniya a tseren da ake kira madison. Wannan tsere na mutum biyu ne: ɗaya yana gudu, ɗaya yana zagayawa a hankali yana mayar da numfashi, idan lokacin karɓa ya yi sai mai gudun ya kama hannun abokinsa ya cilla shi gaba. A irinsa ne ya ci zinariya a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 tare da Lasse Norman Hansen, yana da shekara 36, ya ƙara da tagulla a Paris a 2024 tare da Niklas Larsen.

A kan titi kuma aikinsa dabam ne. Ya taɓa cin zango ɗaya a tseren zagaye Sifaniya a 2013, ya kuma zama zakaran Danmak sau uku, amma abin da manyan ƙungiyoyi suke biyansa dominsa shi ne share wa wani hanya. A kilomita ta ƙarshe, sa'ad da kekuna suka cunkushe suna gudun da ya haura kilomita 60 a awa, shi ne zai shiga gaban gwanin ƙungiyarsu ya tare masa iska, ya ratsa da shi ta 'yar kafar da ba kowa ke ganinta ba, sai saura kamar mita 200 ya kauce gefe ya bar shi ya ƙarasa. Da irin wannan rakiya gwanin ƙungiyarsu Mark Cavendish ya ci zango huɗu a tseren zagaye Faransa na 2021, ya kamo tsohon gwarzon keke Eddy Merckx a tarihin cin zango 34 a wannan gasa.

Ni da na tashi ina kallon hawan sallah, zagi ne ya faɗo mini a rai. Zagi yana gaban dokin sarki da ƙafa, yana buɗe hanya cikin ƙura da rana, amma maroƙa da masu kakaki ba shi suke yi wa ba, kuma ban taɓa jin wanda ya koma gida yana ambaton sunansa ba. Haka muke a ƙwallo ma, wanda ya jefa ta raga shi ne gwarzo. A nan kuwa na ga masu sharhin talabijin suna maimaita hoton ƙarshen tsere a hankali, ba don wanda ya ɗaga hannu ba, sai don su nuna inda Mørkøv ya karkata kafaɗa ya buɗe kafa. Ba na cewa sun fi mu sanin darajar mutum, domin a gaisuwa da zumunci ba su kama ƙafarmu ba. Sai dai sun ɗauki rakiya a matsayin sana'a mai gwanaye, suna kuma auna gwanintar.

Ranar da na fi tunawa da ita ba ranar nasara ba ce. A tseren Faransa na 2022, wanda aka fara daga Kofanhagen, ƙarfinsa ya ƙare tun farkon zango na 15, ya yi kusan kilomita 200 shi kaɗai cikin zafi mai tsanani har garin Carcassonne, inda zangon ya ƙare. Ya iso bayan lokacin da aka ƙayyade ya wuce, aka cire shi daga gasar, alhali tun da rana yana iya sauka ya shiga motar ƙungiya. Da ya ajiye tsere a ƙarshen 2024, shi hukumar keke ta Danmak ta damƙa wa horar da tawagar ƙasa ta tseren titi.