Injin da yake mutuwa in ya ga aiki

Yayana yana da injin daddatsa rassa, irin mai shan fetur ɗin nan da ake zura masa reshe ta baki ya feso shi gutsi-gutsi ta bututu. Da na sassare bishiyoyin bayan gida, rassa suka taru tsibi guda, sai na je aro. Yana turo min shi ya ce, "Lafiyarsa ƙalau, ja ɗaya yake tashi." Wace shekara aka yi wannan ja ɗayan, bai faɗa ba.

Na buɗe makullin mai, na sa cok, na kama igiya. Na yi ta ja har kafaɗata ta fara ƙara, injin ko tari bai yi ba. Can sai ga maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho da bai taɓa riƙe sifana ba amma ba abin da bai sani ba. Ya jawo kujera ya zauna a inuwa. "Malam, fulogi ne," in ji shi. A wurinsa ko agogon bango ne ya tsaya, fulogi ne.

Da na buɗe tanki wani wari ya buge ni, tsami-tsami kamar tsohon fenti. Fetur in ya yi watanni a ajiye, ɓangaren da ke saurin kama wuta sai ya bi iska, sauran ya yi danƙo ya toshe ɗan ramin da mai ke bi a cikin kafireta. Na kwance notin da ke gindin kofin kafireta, na tsiyaye tsohon man, na wanke ramin, na zuba sabo. Sannan na zaro fulogi, sai ga shi ya jiƙe sharkaf, don duk jan da aka yi da cok a rufe mai kawai ake tura masa. Dattijo ya miƙe tsaye don murna. Na goge fulogin, na daidaita bakinsa tsakanin milimita 0.7 da 0.8, na mayar.

Ja ɗaya kuwa ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, yara suka hau tafi, ni kuma na ɗan gyara tsayuwa irin ta wanda ya san hannunsa.

Na kashe shi, na tura shi wajen tsibin rassa, na ja igiya. Ya yi fat-fat-fat, ya mutu. Na sake, ya sake. Na jawo shi kan siminti inda kayan aiki suke, ban ma taɓa komai ba, na ja, ya tashi yana ruri. Na mayar da shi gaban rassa, ya mutu murus. Haka muka yi ta safa da marwa ni da shi, gumi na ɗiga ta haɓata. Dattijo ya daɗe yana kallo, sannan ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba lalacewa ba ce, hali ne. Aiki yake gani ya suma. Mun yi da irinsa a ofis."

Na kwance matatar iska, na kakkaɓe, na duba bel, na ɗaure duk notin da ya yi min kallon banza. 'Yata ta tsaya a gefe da littafin injin, wanda ta tsinto a jakar kayan.

"Baba, ka duba baƙin mai?"

"Ke, manya na aiki."

"Ai littafin ne ya ce."

Ashe a cikin injin akwai wata 'yar na'ura mai yawo a kan baƙin mai. In mai ya yi ƙasa sai ta yanke wa fulogi wuta, don kada injin ya yi aiki a bushe ya buga. A kan siminti, inda ƙasa take a miƙe, ɗan man da ya rage yana isarta da ƙyar. Tsibin rassana kuwa a gangare yake, da injin ya karkata sai mai ya gudu gefe guda, ita kuma ta ce ba da ita ba. Har yanzu dai ina ganin akwai lalaci a ciki, amma na bar wa yarinya maganarta.

Na kira Yaya. "Yaya, yaushe rabonka da canza masa baƙin mai?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Au, ana canzawa ne?"

Littafin ya ce bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Da na tsiyaye, abin da ya fito daga cikin injin baƙi ƙirin, kuma bai taka kara ya karya ba. Na zuba sabon baƙin mai, mai lamba 10W-30, har baki, na sa katako a ƙarƙashin taya don ya daidaita.

To, nan fa aka ga aiki. Busasshen reshe, in ka zura ta gindinsa, da kansa yake fizgewa. Daɗi ya ɗebe ni na danna masa ɗanyen ganye runguma guda, ya shaƙe, bututu ya toshe. A nan kam ba wasa: na kashe, na jira wuƙaƙen suka daina juyawa, don suna ci gaba da gudu bayan injin ya yi shiru, na cire hular fulogi, sannan na zaƙulo ganyen da sanda. Daga nan sai ɗanye kaɗan, busasshe ya biyo baya ya share hanya.

Rabin tsibi ya tafi, ina ta zurawa ina wasa kaina, sai na ga dattijo yana ɗaga min hannu yana nuna bayana. Na ɗauka yabo ne, ni ma na ɗaga masa. Da na kashe injin na waiwaya, ashe wajen zaƙulo ganye bututun ya juya ya fuskanci igiyar shanya. Fararen zannuwan gado da aka wanke da safe, ga su jiƙaƙƙu, sun sha ɓarɓashin itace tun daga sama har ƙasa.

Uwargida na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye min bokiti da sabulu a gabana ta ce, "Maigida, wannan ma ja ɗaya ne, ko sai an kira maka yarinyar da littafi?"