Godiyar da ta tsaya a coci bata shigo gida ba

Salamar Ubangiji Yesu ta kasance da ku 'yan'uwana na Nima da Maamobi da Madina har Ashaiman, da duk wanda saƙon nan ya shigo wayarsa.

Kun san yadda muke bikin godiya a coci in lokacin habes ya zo. A ɗinka anko, a sa kuɗi a ambulan, mai doya ya kawo doya, mai akuya ya jawo akuya, ana kiɗa ana kaɗa hankici har gaban bagade. Abin yana da kyau, Allah ya karɓa mana. Amma wani abu yana ci mini rai. Mutumin nan da ya gama rawa a gaban jama'a, da an dawo gida matarsa ta ajiye masa tuwo da miyar ayoyo, ita da ta tashi tun ƙarfe 4 na asuba tana tarar ruwa a galan kafin famfo ya ɗauke, ta hura gawayi, ta wanke yara ta shirya su, abin da zai fara fita daga bakinsa shine gishiri yayi yawa. Ba sannu, ba na gode. Baba, hannun wa Allah ya bi ya ciyar da kai yau?

Ku ma iyayena mata ban tsallake ku ba. Maigida ya wuni yana tuƙa trotro, motar haya, daga Circle zuwa Madina cikin rana da cunkoso, ya cire na mai mota, ya cire na fetur, ɗan abin da ya rage ya miƙo miki na cefane, sai ki juya kuɗin a hannu kice ai mijin wance kuɗi yake turo mata ta waya daga Turai. Mama, maganar nan tana kashe zuciyar namiji fiye da yadda kike zato.

Ku buɗe Littafin Ƙidaya sura 11. Isra'ilawa suna jeji, kullum safe Allah na sauko musu da manna, basu noma ba basu saya ba, amma suka zauna suna kuka suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, wai babu abin da suke gani sai wannan manna. Sun tuna albasa sun manta bulala da aikin tubali. Abin da ya fi bani tsoro a wurin nan, Littafi yace kowane iyali a ƙofar alfarwarsa yake kukan, kunga kenan yara na zaune suna ji. Mu ma da yawanmu ɗaki ɗaya muke kwana da yara a gidan haya, duk tsakin da aka yi kan abinci, duk gorin da aka yi kan kuɗin makaranta, a kunnensu yake sauka. Gobe yaron ya girma ka saya masa takalmi ya karɓa yana ɓata fuska, sai muce yaran zamani basu da tarbiyya, alhali a gabanmu ya koya.

A Luka 17 kutare 10 Yesu ya warkar, 1 kaɗai ya dawo ya faɗi a gabansa yana godiya, shi ɗin ma Basamariye ne, baƙo. Yesu ya tambaya ina sauran 9. Ina ganin su ma sun ji daɗi a ransu, wa zai warke daga kuturta bai ji daɗi ba? Sai dai basu dawo sun faɗa ba. To haka da yawanmu muke, a zuci mun san matar nan tana ƙoƙari, mun san mijin nan yana wahala, amma bakin yayi nauyi, wai kar a raina mu ko kar ta ɗauki kanta wata tsiya. Tun iyaye da kakanni ake cewa yaba kyauta tukwici.

Ku dubi Manzo Bulus a Romawa 16, mutum sama da 20 ya kira da sunansu. Fibi da ta taimaki mutane da yawa har da shi kansa, Biriskila da Akila da suka sa ransu cikin haɗari dominsa, Maryamu da ta sha aiki, har uwar Rufus da yace shi ma ta zame masa uwa. Babban manzo kenan, bai ga ya faɗi ba dan ya ambaci alherin mata da talakawa. Mu kuwa yarinyar da aka kawo mana daga Bawku ko Bolga tana shara tana wanki tana goyon jariri, wani gidan ko sunanta ba a kira, sai "ke". Kayayo ta ɗauko miki kaya a ka tun daga cikin Makola har tasha, a kan sidi 2 za ki tsaya kina ciniki da ita. Dan Allah mu ji tsoron Ubangiji.

Na san rayuwa tayi tsada, ba a wani gari nake ba. Ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a Ghana, har yau tukunyar wasu bata dawo daidai ba. Mai gidan haya na neman adbans na shekara 2 duk da doka wata 6 tace. Gobarar kasuwar Kantamanto ta 2 ga Janairun 2025 ta cinye jarin dubban mutane a dare ɗaya. Wanda irin wannan ya same shi kar ku tsaya kansa kuna masa wa'azin ya gode, ku fara kai masa shinkafa tukun. Annabi Habakkuk ma da ƙara ya fara, yana cewa ya Ubangiji har yaushe zan yi ta kuka baka ji, sai a sura 3 ya kai ga cewa ko itacen ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare, zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Kuma matar da ake duka a gida kada wani ya rufe mata baki da "ki gode Allah kina da miji", wannan zalunci ne, a kai maganar gaban dattawan ikilisiya, in ta kama a je DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida.

Abin da nake roƙo ƙarami ne. In kun taru addu'ar dare, ko akwai wuta ko an ɗauke, kafin a fara jero buƙatu kowa ya ambaci mutum ɗaya da Allah ya bi ta hannunsa yau, a kira sunansa, in yana cikin ɗakin a dube shi a ce masa na gode, Baba ya fara dan yara su gani. Kuma in gwaggon da ta riƙe ka kana ƙarami tana raye a Tamale ko Jos ko Maraɗi, sa kati ka kira ta cikin satin nan, kar ka jira sai ranar jana'iza ka tsaya kana karanta alherinta a takarda.