Taimakon da ya zama igiya a wuyan Iraƙi

Wane irin taimako ne zai bar mutumin Basra, birnin da ke kudancin Iraƙi, ba wuta a tsakiyar watan Yuli, lokacin da zafi ke haura digiri 50, fanka ta tsaya cak, abinci na lalacewa a firji? Iran da Iraƙi sun yi shekara takwas suna gwabza yaƙi, daga 1980 zuwa 1988. Bayan faɗuwar Saddam a 2003 sai Iran ta miƙo hannu, har shugabanta na lokacin, Ahmadinejad, ya je Bagadaza a watan Maris na 2008 aka yi shelar bashin dala biliyan 1 domin sake gina ƙasa. Aka ja layukan wuta, aka shimfiɗa bututu, gas ya fara shigowa a 2017. To yau ina aka kwana?

Da yawa daga cikin manyan tashoshin wutar Iraƙi da gas aka gina su su yi aiki, kuma kaso mai tsoka na gas ɗin daga Iran yake zuwa. Da zarar sanyi ko zafi ya tsananta, Iran ta buƙaci abinta, sai ta rage. Wani lokaci kuma rigimar bashi ce: kuɗin gas da wuta da Iran ke bin Iraƙi na ajiye a wani bankin gwamnati a Bagadaza, takunkumin Amurka ya hana a tura su yadda ake so. Ƙarfin gas na sauka a bututu, dubban megawat sun tafi ke nan. Sai a koma ɗura wa injin ɗanyen mai ko baƙin mai, shi kuwa toka yake bari a fukafukan injin, dole a riƙa kashe shi ana wankewa, ƙarfinsa ya ragu. Ga zafi, wanda shi kansa yake rage abin da injin ke bayarwa daidai lokacin da kowa ke neman wuta.

Talaka ne ke biya, har sau biyu. Ya biya kuɗin wutar gwamnati, ya kuma biya mai janaretan unguwa, wanda ke sayar da wuta ampiya-ampiya duk wata. Kowane gida da wayarsa da aka jawo daga allon janareta, shi ya sa saman titunan ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Ampiya 5 ba ta wuce wat 1,100 ba: firji, fanka biyu, ƙwan fitila, talabijin, shi ke nan. Ka kunna babbar na'urar sanyaya ɗaki, nan take makunnin ya faɗi. Ga ƙara, ga hayaƙin dizal dare da rana a bakin tagar yara. Farashin kuma a lokacin zafi yake tashi.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne wannan. Yarjejeniyar shekara biyar da aka sa wa hannu a 2024 ta ce Iran za ta riƙa turo gas har kubik mita miliyan 50 a rana, wato kusan biliyan 18 a shekara. Iraƙi kuwa tana ƙone nata gas ɗin wajen biliyan 17 a banza duk shekara a rijiyoyin man fetur ɗinta. Wallahi abin kunya ne! Mutumin Basra na zaune cikin duhu yana hango harshen wuta daga rijiyoyin man Rumaila ya haske sama. Wannan laifin gwamnatocin Bagadaza ne, waɗanda suka ga hanya mai sauƙi suka miƙe ƙafa.

An ja musu kunne tun a 2018: Iran ta yanke wuta a watan Yuli, ruwan sha ya gurɓace, jama'a suka fito, a watan Satumba aka cinna wa ƙaramin ofishin jakadancin Iran na Basra wuta. A Maris 2025 Amurka ta janye izinin da ta ba Iraƙi na sayen lantarki daga Iran. Me kuma ake jira kafin a kafa injinan matsa gas da na tace shi a bakin rijiyoyin nan, a haɗa bututunsu kai tsaye da tashoshin wuta?