Dajin da aka sa wa kwaɗo

Satin da ya wuce wani abokin aikina bature ya shigo wajen aiki fuska ba walwala, mutum ne da in watan Nuwamba ya kama baka ganinsa ranar Juma'a da yamma, ya ɗauki ɗansa sun tafi daji harbin barewa. Nace masa lafiya kuwa? Yace filin da suke haya shi da abokansa su 5 kusan shekara 20 an sayar, tsohon da ke da filin ya rasu, 'ya'yan duk suna birni babu mai sha'awar kiwon shanu a cikinsu, wani mai kuɗi ya taya suka sallama. Sabon mai filin ko gaisawa bai yi dasu ba, takarda kawai aka aiko musu su kwashe komatsansu kafin ƙarshen wata. Ya buɗe waya ya nuna min hotuna, ga ɗan ɗakin katako a kan dogayen ƙarafa da suke hawa su yi kwanton dabba, ga durom ɗin da suke cikawa da masara mai agogo a jiki yana watsa ta safe da yamma, duk an ɗaure a bayan tirela. Hoton ƙarshe ɗansa ne tsaye a bakin get an canja kwaɗo. Wallahi abin ya tsaya min a rai har na koma gida, don ni ɗan gidan mafarauta ne, kawuna wan mahaifiyata da farauta ya tsufa.

Bari in yi wa wanda bai san nan ba bayani. A jihar Texas ta Amurka inda nake zaune kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar yana da mai shi, takarda a hannu, waya a zagaye. A doka barewar da ke yawo a daji ta jama'a ce, jiha ke kula da ita, kuma akwai su da yawa don ana ƙiyasta sun kai miliyan 5, amma ƙasar da take takawa ta wani ce, kaga kenan ko kana da lasin farauta a aljihu baka isa ka bi ta ba sai da yardar mai fili, yardar nan kuma kuɗi ce. Har alama suke da ita, zaka ga an shafa fenti shunayya a jikin bishiya ko turken shinge, a dokarsu ma'anarsa kar ka shigo, in ka shiga laifi ne da zai iya kaika gaban alƙali. Shi ya sa talakan da ke son farauta sai dai su haɗa kuɗi su kama hayar daji na shekara. Abokin nan nawa yace kowannensu dala 3,000 yake biya, yanzu da ya fara cigiyar wani wurin duk inda ya tambaya ya fi ƙarfinsa.

Kuɗin filin ƙauye ne ya haukace. Cibiyar da ke bibiyar farashin filaye a jami'ar Texas A&M ta nuna a 2019 eka ɗaya in an yi lissafin jihar gaba ɗaya bata kai dala 3,000 ba, zuwa 2022 ta haura 4,000, kuma wannan matsakaici ne, yankin tsaunukan nan na yamma da Austin da San Antonio ba a ma magana. Lokacin korona ne abin ya ƙara ƙamari, mutanen birni suka ga zaman gida ya ishe su ga bashin banki da araha a lokacin, kowa na neman inda zai je ya sha iska. Ga mutane sai ƙaruwa suke, jihar ta haura miliyan 30. Abin da nake so a gane shi ne masu sayen nan ba noma ya kawo su ba, ba kiwo ba. In da shanu ne za su biya kuɗin filin da babu mai hankalin da zai saya a wannan farashin. Barewa suke saya, da tafki, da shiru. Dillalan ma in za su tallata fili ba hoton ciyawa suke sakawa ba, hoton namijin barewa mai manyan ƙahoni suke sakawa. Sannan tun 1995 aka gyara doka, filin da ake karɓar harajinsa kaɗan saboda noma ko kiwo zai iya ci gaba da samun wannan sauƙin in mai shi ya mayar dashi wajen kula da namun daji, toh kaga mai kuɗi ya samu hanya, ya kori shanu ya ajiye barewa haraji bai tashi ba. Ku 'yan Arsenal kun san Stan Kroenke mai kulob ɗinku, shi ne ya sayi gandun Waggoner a 2016, sama da eka dubu 500, kuɗin da aka sa masa a kasuwa dala miliyan 725. Mutum ɗaya fa.

Akwai dajin gwamnati, ba zan ce babu ba. Da dala 48 a shekara zaka yanki takardar shiga filayen jama'a kimanin eka miliyan 1, a jihar da ta haura eka miliyan 160. Na taɓa bin wasu zuwa dajin Sam Houston da ke arewa da Houston ranar buɗe farauta, motoci reras a bakin hanya tun kafin asuba, ko ina ka waiga riga mai ruwan lemo ce a tsakanin bishiyoyi, don dole kowa ya saka kar a harbe shi. Ko motsin barewa ban gani ba ranar.

Yanzu in koma gida. Mu da muka taso ba mu san daji yana da mai shi ba. Gona tana da mai ita, amma da an gama kaka an kwashe amfani an ɗaure dawa, shikenan ƙasa ta buɗe, Fulani su shigo da shanu su ci kara su bar taki, yara su fita kalar gyaɗa, mata su yo itace, mafarauta kuma a sa ranar gayya. Ina tuna daren da za a fita, kawu na zaune a tsakar gida yana ɗura wa bindigar toka albarushi yana dannawa da ƙarfe, karnukansa 3 sun kasa zama sai kaiwa da komowa suke don sun ji ƙamshin tafiya, da asuba a ji gangi daga bakin kasuwa, ƙauye da ƙauye a haɗu, mai gora mai barandami mai kwari da baka, sarkin dawa a gaba. Babu wanda ya tambayi kuɗin shiga. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, abin da zaka biya kenan, ƙafarka da ƙarfin zuciyarka. In an dawo da yamma ko gidan da ba su da mafarauci sai an aika musu da cinyar zabo.

Amma gaskiya ɗaya ce, mun cinye dajin. Babu lokacin da aka ce a dakata dabba na da ciki, babu adadi, a cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya, a sare bishiya a yi gawayi. Kawu yana ba da labarin gwanki da mazo da ya gani da idonsa yana saurayi, ni gada kawai na riska, yaran yanzu ko zomo sai an wahala. Abin da ya fi ƙona min rai mariri ne, farar dabbar nan mai dogon ƙaho a lanƙwashe da ake yi wa kirari a bakin Hausawa, asalinta sahel ɗinmu ne wajen Nijar da Chadi, a 2000 aka ayyana ta ƙare a daji ƙaf, sai a 2016 aka fara mayar da ita Chadi da taimakon Abu Dhabi. Ni ban taɓa ganin mariri a ƙasar Hausa ba, a Texas na fara ganinta ta cikin shinge mai tsawo a gefen titi, suna nan dubbai a gandayen masu kuɗi, ana biyan dubban daloli a harbi guda ɗaya. Na tsayar da mota na daɗe ina kallo, hawaye ya zo min.

Wani zai ce toh ai kaga tsarinsu ya fi, tunda dabba ta zama kuɗi shi ya sa aka kiyaye ta. Na yarda da rabin maganar. Amma abin da ya dawo da barewa a Amurka ba shinge ne kaɗai ba, doka ce ta lokaci da adadi, da harajin da aka ɗora a kan bindigogin farauta da harsashi tun 1937 ana zuba shi a kula da daji, wannan kuma ba sai an kori talaka ake yinsa ba. Shingen abin da ya ƙara shi ne ya raba ɗan leburan kamfani da abin da ubansa ya koya masa.

Tsorona shi ne mu muna ɗauko shingen ba mu ɗauko dokar ba. Duk wanda ya bi hanyar fita daga Kano ko Kaduna ko Abuja a 'yan shekarun nan ya ga katangu a tsakiyar daji, gidan gona, get da maigadi, wani ciki 'yan bishiyun mangwaro ne da rumfar hutawa ta ƙarshen mako, wani ba komai an dai ajiye kuɗi ne a ƙasa saboda naira na zubewa. Burtali ya shige ciki, mashaya ta shige ciki, kurmin da ake sakin karnuka ya shige ciki. Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa amana ce a hannun gwamna domin jama'a, tun 1965 kuma Arewa ke da dokar keɓe makiyaya, amma wanda ke da takarda da kuɗin bulo shi ke cin nasara. Manyan dazukan da suka rage irin su Rugu da Kamuku 'yan bindiga sun hana shiga. Ina mafarauci zai sa kansa? Ni a ganina shi ya sa zaka ga 'yan'uwanmu suna keta ƙasa har kudu neman nama, kuma ba mu manta mafarautan Kano 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris 2025 suna hanyar komawa gida sallah ba, Allah ya jiƙansu ya bi musu haƙƙinsu.

Mu mazauna waje muna da hannu a ciki, dole in faɗa. Dala kaɗan in an canja ta sai ta zama abin da manomi bai taɓa riƙewa ba, muna tayawa sama da kowa, dillali ya ji daɗi, gobe maƙwabcin gonar ya kasa saya wa ɗansa ko taku goma. Ban ce kar a sayi gona ba, amma wanda zai saya ya noma daban, wanda zai saya ya zagaye ya rufe hanyar shanu da ta mutane daban. Abin da nake roƙon dagatai da masu unguwanni da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne kowane gari ya fitar da dajinsa a auna a rubuta da sunan gari tun kafin ya yi farashi, a damƙa wa sarkin dawa da mutanensa kula dashi, su suka san lokacin da zabuwa ke kan ƙwai, su za su iya cewa bana ba a shiga gefen nan kuma a ji.

Shekaranjiya ƙanena ya kira ni, wai wani alhaji daga birni ya aiko dillali yana son gonar kawu ta bakin kurmi haɗe da ta maƙwabta 4, zai haɗe su ya zagaye, kuɗin da ya taya har magada sun fara lissafin aure da jari. Nace masa Malam dan Allah ka roƙar min su su dakata zuwa ƙarshen wata, in kuɗi ne ya matsa zan karɓi jinginar gonar su ci gaba da nomanta, amma ta nan ne kaɗai hanyar shiga kurmin ta rage. Yace zai gaya wa Yaya babba bayan sallar Juma'a, duk yadda suka yi zai kira ni.