Calipari ya tafi, Kentucky ba ta mutu ba

Haba, wai tafiyar koci Calipari Arkansas a 2024 ce ta karya ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar Kentucky? Ni dai ban yarda ba. Tun da ya ci kofin gasar jami'o'in Amurka a 2012 mutumin nan sai tara yara yake su yi shekara ɗaya su wuce gasar ƙwararru ta NBA, jami'ar Saint Peter's ta yi waje da Kentucky daga gasar jami'o'in a 2022, Oakland ma a 2024, Gohlke ɗan wasan Oakland shi kaɗai ya zuba musu ƙwallo goma masu maki uku daga nesa, ina kallo cikin dare har shayina ya huce. Sabon koci Mark Pope ya zo ya tarar gida wayam, ya tsinto 'yan canjin makaranta ya kai Sweet 16, wato zagayen ƙungiyoyi 16 na ƙarshe. Kai kuma mai cewa yaran yanzu ba amana sai kuɗi, shi kocin da ya tsallake ya bar su fa?