Kafin a buga wa gidanka ƙararrawar gwanjo a Amurka

Salam 'yan uwa mazauna Amurka, musamman waɗanda suka sayi gida da bashin banki kuma biyan wata ya fara yi musu nauyi. Aiki ya tsaya, ko ciwo ya kwantar da mai nema, ko harajin gida da inshora sun yi tsalle. Wata ɗaya ya wuce ba a biya ba, na biyu ya bi sahu, wasiƙu suna taruwa a kan tebur, mutum ko buɗe su ba ya son yi. Ra'ayina a kan wannan lamari ɗaya ne. Kamfanin da ke bin ka bashi ba don tausayi yake sauya maka sharuɗɗan biya ba, lissafi yake bi. Kuma kariyar da doka ta ba ka mafi yawanta ba ta tashi aiki sai ranar da ka miƙa cikakkiyar takardar neman sassauci. Roƙo a waya ko sau ɗari ne ba ya tsayar da gwanjo.

Fara da sanin da wa kake magana. Kamfanin da sunansa ke kan takardar biyan wata galibi ba shi ne mai kuɗin ba. Wakili ne, aikinsa ya karɓa ya miƙa. Mai bashin na ainihi yana iya zama Fannie Mae ko Freddie Mac, manyan kamfanoni biyu da gwamnati ke mara wa baya masu sayen basussukan gida daga bankuna, ko bashin yana ƙarƙashin inshorar FHA, hukumar gwamnatin tarayya mai tsaya wa bashin gida, ko lamunin hukumar tsoffin sojoji ta VA, ko kuma an haɗa shi da wasu an sayar wa masu zuba jari. Kowannensu da nasa ƙa'idojin, kuma wakilin ba zai ba ka abin da babu a littafin ubangidansa ba. Fannie Mae da Freddie Mac duka suna da shafi a intanet inda za ka duba ko bashinka nasu ne. In ba ka samu a nan ba, rubuta wa kamfanin wasiƙa ka tambaye shi sunan mai bashin. Doka ta ba shi ranakun aiki 10 ya amsa. Waɗanda suka sayi gida ta kamfanonin tsarin Musulunci irin su Guidance Residential ko UIF don kauce wa riba, kada su ce wannan bai shafe su ba. Gidan a jingine yake, in biya ya tsaya ana iya sayar da shi.

Dokokin da ake aiki da su yau ba daga sama suka faɗo ba, wuyar da mutane suka sha bayan rikicin tattalin arziki na 2008 ce ta haife su. A 2009 gwamnatin Obama ta ƙaddamar da shirin HAMP, wanda manufarsa ita ce a sauko da biyan wata zuwa kashi 31 cikin 100 na kuɗin shigar mutum: a rage kuɗin ruwa har zuwa kashi 2, in bai isa ba a tsawaita wa'adi zuwa shekara 40, in har yanzu bai isa ba a jingine wani ɓangare na uwar kuɗin zuwa ƙarshe. An ce zai ceci mutum miliyan 3 zuwa 4, bai kai nan ba. Kamfanoni sun yi ta ɓatar da takardun mutane, suna cewa a sake turowa, alhali wani sashe na kamfanin yana can yana shirya gwanjo. A 2010 aka bankaɗo ma'aikatan da ke sa hannu a dubban takardun rantsuwa na ƙwace gida ba tare da sun karanta ba. Wannan ya kai ga sulhun dala biliyan 25 a Fabrairun 2012 tsakanin jihohi 49 da gwamnatin tarayya a gefe ɗaya, da Bank of America, JPMorgan Chase, Wells Fargo, Citi da Ally a ɗaya gefen. A 2018 ma Wells Fargo da bakinsa ya amsa cewa kuskuren manhaja ya sa an hana kusan mutum 870 sassaucin da ya kamata a ba su, kuma 545 daga cikinsu sun rasa gidajensu. To in an ce maka "kwamfuta ta ƙi", ka tuna kwamfuta ma tana kuskure. HAMP dai ya rufe a ƙarshen 2016, duk wanda ya ce zai shigar da kai cikinsa yau maƙaryaci ne.

Ga ranakun da ya kamata ka rubuta ka manna a jikin firji. Tun Janairun 2014, ƙa'idojin CFPB, hukumar tarayya mai kare jama'a a harkokin kuɗi da bashi, sun ce kamfani ya nemi magana da kai kafin ka cika kwana 36 da makara, ya aiko maka da wasiƙar zaɓin da kake da su kafin kwana 45. Ba shi da ikon shigar da takardar farko ta ƙwace gida sai makararka ta haura kwana 120. Wannan wata huɗun shi ne jarinka, kuma shi ne mutane suke ɓarnatarwa da ɓuya da "Allah zai kawo mafita". Allah zai kawo, amma ka cike fom. In ka miƙa cikakkiyar takarda a cikin kwana 120 ɗin nan, ba za su fara shari'ar ƙwace gida ba sai sun gama dubawa sun ba ka amsa. In an riga an fara, amma ka miƙa da sauran fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, wajibi ne su duba cikin kwana 30, kuma ba za su sayar ba suna tsakiyar dubawa. In ka miƙa da sauran kwana 90 ko fiye, kana da kwana 14 na karɓar tayi, kana kuma da ikon ɗaukaka ƙara cikin kwana 14 in sun ƙi, wani ma'aikaci daban ne zai sake dubawa. In ka bari sai saura wata ɗaya, ka koma hannun ganin damarsu. Wannan kariya ta gidan da kake zaune a ciki ce, ba ta gidan da ka zuba 'yan haya ba.

Duk rigimar tana kan wannan: takarda ta cika ko ba ta cika ba. Za a nemi fom ɗin neman taimako, wanda a wajen Fannie Mae da Freddie Mac lambarsa 710, da takardun albashi na baya-bayan nan, da bayanan asusun banki na wata biyu, da takardun haraji, da izinin duba harajinka a hukumar haraji ta IRS ta fom 4506-C, da gajeren bayani na abin da ya jawo matsalar. Mai aikin kansa, kamar direban Uber ko mai shago, sai ya ƙara da lissafin shiga da fita na kasuwancinsa. Inda ake faɗuwa ƙananan wurare ne. Bayanin banki ya ce shafi 1 cikin 6, ka tura biyar saboda na shida fanko ne, sai a ce bai cika ba. Sunan matarka yana kan bashin amma ba ta sa hannu ba. Ka manta kwanan wata kusa da sa hannunka. Kafin a gyara wannan, takardar albashin farko ta tsufa, don yawanci ba sa karɓar wadda ta haura kwana 90, sai a koma farko. Rubuta lambar bashinka a saman kowane shafi. Tura komai a dunƙule, ta shafin kamfanin ko ta wasiƙa mai rasit, ka ajiye kwafi. Doka ta ce cikin ranakun aiki 5 su rubuto maka ko ta cika, in ba ta cika ba su lissafa abin da ya rage. Wasiƙar da ta ce ta cika, riƙe ta kamar fasfo. Duk kiran waya kuma ka rubuta rana da sunan wanda ya ɗauka da abin da ya ce.

Akwai wani wuri da ya fi kama mutanenmu. Mai dubawa yana bin bayanin banki layi-layi. Ya ga dala 4,000 ta shigo rana ɗaya, kai ka san kwasar adashi ce, shi bai san adashi ba. Ko ya ɗauka kuɗin shiga ne da ka ɓoye, ko ya tsayar da fayil yana jiran bayani. Rubuta masa layi uku tun farko: kuɗin mene ne, daga ina, sau nawa yake zuwa. Haka ɗan uwan da ke zaune a ɗakin ƙasa yana ba ka 600 a hannu duk wata. In ba ta bi ta banki ba kuma babu takardar haya, a wajensu babu ita. Kuɗin da ake turawa gida ma yana fitowa fili, kada ka yi musunsa. Wasu kuma suna ganin dabara ce su nuna ba su da ko sisi. Wannan dabarar kan mai ita take komawa, domin ba a sauya sharuɗɗa ga wanda ba zai iya biyan sabon adadin ba. Abin da ake so ka nuna shi ne tsohon adadi ya fi ƙarfinka, sabo za ka iya.

In sun amince, yawanci sai an ba ka gwaji na wata uku. Biya daidai adadin da aka rubuta, cikin watan, kada ka rage ko dala ɗaya. Kuɗin da bai kai cikakken biyan wata ba sukan ajiye shi a wani asusun jira, ba a lissafa shi a matsayin biya sai ya cika. In gwaji ya ƙare takardar dindindin ba ta iso ba, ci gaba da biyan adadin gwajin kana bibiya a rubuce.

Yanzu maganar da masu tallar sassauci ba sa yi: ba kowane tayi ne alheri ba. Ɗauki bashin dala 250,000 a kan ruwa kashi 6.5 na shekara 30. Biyan wata, ban da haraji da inshora, kusan 1,580 ne. A miƙe shi zuwa shekara 40, ya koma kusan 1,464. Sauƙin 116 a wata, amma in ka biya har ƙarshe ka ƙara sama da dala 130,000. Wanda ya ci bashi a farkon 2021, lokacin da ruwa ya sauka ƙasa da kashi 3, nasa hatsarin ya fi. Wannan 250,000 ɗin a kashi 3 biyanta kusan 1,054 ne. In aka sauya masa sharuɗɗa aka ɗora shi a kan farashin kasuwa na kashi 6.5, ko da shekara 40 ne, biyansa ya hau da kusan 400. Irin wannan mutum, in matsalarsa ta wuce kuma zai iya komawa tsohon biyansa, abin da zai nema shi ne a ɗauke kuɗin da ya makara a kai su ƙarshen bashi. Fannie Mae da Freddie Mac suna da wannan tsari. A FHA kuma HUD, ma'aikatar gidaje ta tarayya, ce ke biyan abin da ya taru, har zuwa kashi 30 na ragowar uwar kuɗi, ta rubuta maka shi a matsayin bashi na biyu marar ruwa, sai ranar da ka sayar ko ka gama biya. Wanda kuɗin shigarsa ya ragu na dindindin, shi ne tsarin Flex Modification na Fannie da Freddie ya dace da shi, wanda ke neman rage biyan uwa da ruwa da kashi 20, da wa'adi har wata 480. Sannan a bambanta sauya sharuɗɗa da ɗaga ƙafa na 'yan watanni, irin wanda dokar CARES ta bayar a 2020 lokacin korona, kwana 180 da damar ƙarin 180. Ɗaga ƙafa ba yafiya ba ce, kuɗin suna nan suna jiran ka. Kuma duk wani sassauci ba ya taɓa haraji da inshora. In su ne suka tayar da biyanka, nemi inshora mai sauƙi ka ƙalubalanci ƙimar da ƙaramar hukuma ta yi wa gidan. Kada dai ka bari inshorar ta mutu, kamfanin zai saya maka tasa mai tsada ya ɗora maka.

'Yan damfara kuwa suna karanta sanarwar gwanjo kafin kai. Alamarsu uku: suna son kuɗi tun kafin aiki, suna cewa ka daina magana da kamfaninka ka riƙa biya ta hannunsu, ko ka sa hannu a takardar mallakar gida "na ɗan lokaci". Dokar tarayya ta hana kamfanonin taimakon bashin gida karɓar ko sisi kafin ka samu tayi a rubuce daga mai bashinka ka amince. Ko ɗan garinku ne, ko a sahu ɗaya kuke sallah, amsar a'a ce. Masu ba da shawara da HUD ta amince da su kyauta suke wannan aiki, ana samun su ta 888-995-4673. In kamfani ya yi wasa da fayil ɗinka, aika masa wasiƙar ƙorafin kuskure, yana da ranakun aiki 30 ya gyara ko ya yi bayani, ka kuma shigar da koke a CFPB.

Jihar da kake zaune ita ke yanke saurin lamarin. A New York, New Jersey, Ohio, Illinois da Florida sai an bi ta kotu. In sammaci ya zo, amsa shi a rubuce cikin wa'adi, kwana 28 a Ohio, 20 a Florida, ko da kana tsakiyar tattaunawa da kamfani, don neman sassauci ba ya zama amsar sammaci. New York ta ƙara da sanarwar kwana 90 kafin ƙara da zaman sulhu na dole a gaban kotu. A Texas da Jojiya kuwa babu alƙali a tsakani, ana gwanjo Talatar farko ta wata, kuma a Texas sanarwar sayarwa ta kwana 21 ce kacal. Mazauna Houston da Atlanta ba su da lokacin da mutanen Bronx suke da shi.

In ranar gwanjo ta matso, shigar da ƙarar fatara a ƙarƙashin babi na 13 na dokar fatara tana tsayar da shi nan take, ta raba maka kuɗin da ka makara a kan shekara 3 zuwa 5, da sharaɗin kana biyan na wata-wata a kan lokaci. Wannan aikin lauya ne. In kuma lissafi ya nuna ko an rage ba za ka iya ba, gidan kuma ya fi bashin daraja, ni ina ganin ka sayar da hannunka tun da sauran lokaci. Gida mai darajar 380,000 da bashin 260,000 yana da rarar da ta kai ka sake kafuwa, amma kowane wata na jinkiri tarar makara da kuɗin lauyan kamfani suna cin ta, gwanjo kuma ba kasafai yake kawo farashin kasuwa ba. Wanda aka riga aka sayar da nasa ya bincika a kotu ko wajen wanda ya gudanar da gwanjon: in kuɗin sayarwa sun haura bashi da sauran jinginar da ke kan gidan, ragowar tasa ce, kuma a wurare da yawa sai ya cike takarda ya nema kafin a ba shi.